Yadda ake gane ko CRISPR ya yi yanka ta hanyar gwajin T7 Endonuclease I

Ka zuba Cas9, wato furotin da ke yanka DNA a dabarar gyaran gado ta CRISPR, da jagoransa na RNA mai nuna masa inda zai yanka, cikin ƙwayoyin halitta, ka jira kwana biyu ko uku, ka leƙa maikroskof, sai ka tarar da su lafiya lau kamar ba a taɓa su ba. To, an yi yankan ko ba a yi ba? Ido ba zai gaya maka ba. Hanyar da ta fi kowacce tabbas ita ce a karanta jerin harufan DNA ɗin, amma wannan yana cin kuɗi, sau da yawa kuma sai an aika samfur wani gari ko wata ƙasa an zauna jira. Kafin ka kai ga nan, akwai gwajin da za ka fara da hantsi ka ga amsarsa kafin magariba, ba ka bukatar komai sai injin PCR mai ninka kwafin guntun DNA, da jel ɗin agaros mai rarrabe guntayen DNA bisa tsawonsu, da wani enzayim mai suna T7 Endonuclease I, wanda masu aikin ke taƙaitawa da T7E1.

Ina son wannan gwaji, ina kuma jin takaicin yadda ake ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Idan ka tambaye shi "akwai yanka ko babu?" zai ba ka amsa mai kyau cikin sauri. Idan ka tambaye shi "kashi nawa?" amsarsa sai an yi mata tankaɗe da rairaya. Duk matakan da ke tafe an jera su ne da wannan a zuciya.

Abin da enzayim ɗin yake gani

T7 wani bairas ne da ke kama bakteriyar E. coli, ɗaya daga cikin guda bakwai da Demerec da Fano suka jera suka raɗa wa suna a 1945. Ƙwayar gadonsa ta 3 ce ke samar da wannan furotin mai amino asid 149, kuma guda biyu ne ke haɗuwa su yi aiki tare. Lokacin da bairas ɗin ke kwafar DNA ɗinsa a cikin bakteriya, zaruruwan kan sarƙe su yi rassa, har su yi mararraba mai hanya huɗu, irin wadda Robin Holliday ya siffanta a 1964. DNA mai rassa ba ya shiga cikin kan sabon bairas, don haka sai wannan enzayim ya bi ya datse mararrabar. Yana kuma taimakawa wajen daddatsa DNA ɗin bakteriyar da aka mamaye.

Abin lura shi ne, ba harufa yake karantawa ba. Wani enzayim ɗin yanka mai suna EcoRI, misali, sai ya ga GAATTC kafin ya yanka. Shi T7E1 siffa yake lalube: inda igiyar DNA ta lanƙwashe, ko ta yi kumburi, ko ta yi reshe. Ka ɗauki zik ɗin riga da haƙoransa biyu ko uku suka tsallake, wurin ya yi tudu. Wannan tudun yake nema, ya yanka a gefen 5' na wurin, a mahaɗa ta farko ko ta biyu ko ta uku. A 1995 Mashal da abokan aikinsa suka nuna cewa za a iya amfani da irin waɗannan enzayim na bairas wajen farautar sauyin harufa a DNA, kuma bayan bayyanar CRISPR a 2012 dabarar ta zama ruwan dare a ɗakunan gwaje-gwaje.

Sai dai akwai wani abu da ɗalibai da yawa ba sa kamawa da farko. Bayan Cas9 ya yanka, ƙwayar halitta tana ɗinke wurin, wani lokaci ta yar da 'yan harufa, wani lokaci ta ƙara. Wannan ƙari ko ragi shi ake kira indel. Amma DNA ɗin da aka ɗinke, zarensa biyu sun dace da juna tsaf, babu tudu ko kaɗan. Idan ka zuba masa T7E1 a haka ba zai ga komai ba. Kai ne za ka ƙirƙiro tudun: ka dafa DNA ɗin har zaruruwan su rabu, sannan ka bar su su huce a hankali. Wajen komawa, zaren da aka sauya zai iya kama zaren asali, su yi haɗin gambiza, ɗaya ya fi ɗaya tsawo da 'yan harufa. A nan ne enzayim ɗin ke samun abin yi.

Mataki na farko: zaɓen firaima

A nan ake cin gwajin ko a faɗi, tun kafin a taɓa fifet. Ka zauna da kwamfuta ka ba wannan mataki lokacinsa.

Fara da gano ainihin inda za a yi yankan. Cas9 ɗin da aka fi amfani da shi, na Streptococcus pyogenes, yana yanka ne harufa uku kafin alamar PAM, wato NGG (kowane harafi, sai G biyu). Ka sa alama a wurin. Sannan ka zaɓi firaima biyu, wato gajerun zaruruwan DNA da ke nuna wa PCR farko da ƙarshen abin da zai kwafa, da za su ba ka guntun DNA mai tsawon harufa 600 zuwa 1,000, kuma kada wurin yankan ya faɗo a tsakiya. Dalili a fili yake: idan guntunka 800 ne, yankan kuma ya faɗo a 400, gutsuren biyu za su hau kan juna su zama layi ɗaya a jel. Idan ya faɗo a 300, za ka ga layi a 500 da wani a 300, biyun kuma idan ka tara su sun ba ka 800. Wannan tarawar ita ce hujjarka cewa yankan na gaskiya ne, ba datti ba ne.

Kada kuma ka matsa gefe da yawa. Gutsuren da bai kai harufa 200 ba rininsa kaɗan ne, haskensa dishi-dishi, yakan ɓace a ƙasan jel inda ragowar firaima ke taruwa. Ban da haka, wani lokaci ƙwayar halitta kan yar da harufa da dama a wurin ɗinki. Idan firaimarka na kusa, mazauninta zai tafi tare da su, PCR ba zai ga wannan kwafin ba sam.

Ka sa firaimomin a Primer-BLAST na NCBI ka tabbatar wuri ɗaya suke kamawa. Ka duba cikin guntun ko akwai dogon jerin harafi guda, irin AAAAAAAAAA, ko maimaici irin CACACACA. Folimares, enzayim ɗin da ke kwafar DNA a PCR, kan yi santsi a irin waɗannan wurare, ya samar da kwafi masu bambancin tsawo, T7E1 kuma ya yanka su ko da Cas9 bai taɓa zuwa wurin ba.

Abu na ƙarshe a nan, wanda ya fi shafar masu aikin tsirrai: ka san halittar da kake aiki a kanta. Wake yana da kwafi biyu na kowane kuromosom, 22 gaba ɗaya, kuma da yake yana barbarar kansa, kwafin biyun galibi iri ɗaya ne, don haka aikinsa da sauƙi. Gyaɗa kuwa kwafi huɗu gare ta, daga kakanni biyu mabambanta, alkamar burodi kuma shida. Firaimar da ba a tsara ta da kyau ba za ta kwafo 'yan'uwan ƙwayar gadon duka, su kuma dama can sun bambanta da juna, sai su yi haɗin gambiza da kansu. Rogo ma haka, kwafinsa biyu sun sha bamban a wurare da yawa. Idan da irin waɗannan kake aiki, ka nemi firaimar da ke kama kwafi ɗaya tak, ko ka zaɓi yankin da babu bambanci. Masu aiki da ƙwayoyin ɗan'adam su duba dbSNP, rumbun bayanan bambancin harufa na NCBI.

Shawarata ita ce ka yi odar firaima kala biyu ko uku lokaci guda. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da jiran wata odar.

Mataki na biyu: ciro DNA da yin PCR

Ka girbe ƙwayoyin awa 48 zuwa 72 bayan shigar da Cas9. Ka girbe har da waɗanda ba a sa wa komai ba, ko waɗanda aka sa wa Cas9 babu jagora, daga tushe ɗaya kuma a rana ɗaya. Su ne shaidarka, za mu dawo kansu. Kowace hanyar ciro DNA ta wadatar, ko ta kwalam, ko ruwan fasa ƙwayoyi irin QuickExtract.

Wajen PCR kada ka yi amfani da Taq na yau da kullum. Yana yawan kuskuren harafi, kowane kuskure kuma ƙaramin tudu ne da ke ƙara hazo a jel ɗinka. Ka nemi folimares mai gyara kuskurensa, irin Q5 ko Phusion. Ka haɗa maikrolita 50 da nanogiram 50 zuwa 100 na DNA. Nanogiram 100 na DNA ɗin ɗan'adam ya kai na ƙwayoyi wajen 15,000, wanda ya isa ya wakilci abin da ke cikin faranti. Idan ka sa kaɗan ainun, 'yan kwafin da suka riga shiga ne za su mamaye sakamakon. Zagaye 30 zuwa 35 ya isa.

Ka ɗebi maikrolita 3 zuwa 5 ka gudanar a jel kafin ka ci gaba. Abin da kake nema layi ɗaya ne, tsaf, a tsawon da ka yi tsammani. Idan ka ga layi biyu ko uku, ko jan hazo, ka tsaya. Ka ɗaga zafin kamun firaima da digiri biyu, ko ka koma kan ɗaya firaimar da ka saya. Na ga mutane da dama sun ce "bari dai mu gwada a haka", kuma ban taɓa ganin wanda hakan ya yi wa rana ba, domin layukan banza za su zauna daidai inda kake neman gutsurenka.

Bayan nan ka tsarkake abin da PCR ya bayar da kwalam ko ƙwayoyin maganaɗisu, ka sauko da shi cikin ruwa mai tsabta ko bafar da ba ta da EDTA. Ka auna yawansa. Kana bukatar aƙalla nanogiram 12 a kowace maikrolita, domin nanogiram 200 su shiga cikin maikrolita 17. Idan da NanoDrop kake awo, sai bayan tsarkakewa, don ragowar firaima da dNTP suna kumbura lambar. In babu na'urar awo, ka kwatanta hasken layinka da na tsanin DNA da aka san nauyin kowane layinsa.

Shaidu

Ba na duba hoton jel ɗin T7E1 idan babu shaidu a ciki, kuma ina roƙonka kai ma ka riƙe wannan. Kowane samfur ka raba shi tiyub biyu, ɗaya za a sa masa enzayim, ɗaya ba za a sa ba. Wanda ba a sa wa ba shi zai nuna maka layukan da dama suna nan tun daga PCR.

Shaida ta biyu ita ce DNA ɗin ƙwayoyin da Cas9 bai taɓa ba, a bi da shi ta duk matakan, har da enzayim. Idan shi ma ya yanke, to akwai bambancin asali a yankin, ko wata lanƙwasa ta halitta, kuma duk layin da ya bayyana a nan ba na Cas9 ba ne. Na taɓa ganin ɗalibi ya yi mako biyu yana murna da layuka biyu masu kyau, har ya fara tsara aikin gaba a kansu. Ranar da ya gudanar da ƙwayoyin da ba a taɓa ba, sai ga layukan nan biyu a wuri ɗaya. Ashe ƙwayoyin nasa dama suna ɗauke da ragin 'yan harufa a kwafi ɗaya, kusa da inda ya nufa. Tiyub ɗaya da ya ƙara a ranar farko da ya cece shi.

Shaida ta uku ita ce samfurin da ka tabbata dole ya yanke. Wasu kamfanoni na haɗawa da shi, kamar kit ɗin EnGen na New England Biolabs. Kana iya yin naka: ka gauraya guntun PCR biyu, rabi da rabi, waɗanda ka san sun bambanta da harufa kaɗan a wuri guda. Amfanin wannan shaida yana fitowa ne ranar da komai ya ƙi yankewa. In ita ta yanke, jagoranka ne bai yi aiki ba. In ita ma ta ƙi, enzayim ɗin ne ya mutu. A wurin da wuta ke ɗaukewa, firiza ta narke ta sake daskarewa, ko kaya su kwana a hanya ƙanƙararsu ta narke kafin su iso, wannan tambaya ce da za ka riƙa fuskanta a kai a kai.

Mataki na uku: dafawa da hucewa

A ƙaramin tiyub na PCR ka zuba nanogiram 200 na DNA, da maikrolita 2 na bafa mai ninki goma, ka cika da ruwa zuwa maikrolita 19. Bafar da aka saba ita ce NEBuffer 2, wadda bayan sirkawa take da milimola 50 na gishirin NaCl, da 10 na Tris, da 10 na MgCl2, da 1 na DTT, a pH 7.9. Gishirin na taimaka wa zaruruwa su kama juna, shi ya sa ake sa bafar tun yanzu. Enzayim kuwa kada ka sa shi tukuna.

Ka saita injin haka, murfinsa da zafi: digiri 95 na minti 5, daga 95 zuwa 85 a sauka da digiri 2 kowane daƙiƙa, daga 85 zuwa 25 a sauka da digiri 0.1 kowane daƙiƙa; sannan ya tsaya a 4. Saukar ta biyun minti goma take ci, kuma ita ce zuciyar matakin. Idan aka sanyaya da gaggawa, zaruruwa da yawa ba sa samun abokin haɗi, wasu su naɗe a kan kansu, enzayim ɗin kuma ya bi su ya mayar da su hazo.

Idan injinka tsoho ne ba ya karɓar umarnin saurin sauka, ka rubuta masa matakala da hannu, yana sauka digiri 5 yana tsayawa kamar minti ɗaya. Idan kana tsoron wuta ta ɗauke a tsakiya, akwai tsohuwar hanya da ba ta bukatar lantarki: ka tafasa ruwa kamar lita ɗaya, ka sauke, ka sa tiyub ɗin a rufe ruf a kan abin da zai sa su yi iyo, ka bar ruwan ya huce da kansa. Zai ɗauki awa ɗaya ko biyu. A watannin bazara, lokacin da ɗaki kan kai digiri 38 ko 40, ruwan ba zai sauka zuwa 25 ba, amma wannan ba damuwa ba ce, domin dogayen zaruruwa sun gama kama juna tun a sama da haka. Idan ya daidaita da zafin ɗaki sai ka mayar da su kan ƙanƙara. Bayan an gama, ka ɗan juya tiyub ɗin a santirifuj don raɓar da ta taru a murfi ta sauko.

Mataki na huɗu: yankan

Ka ciro enzayim daga firiza kai tsaye zuwa kan ƙanƙara, ka riƙe tiyub ɗin ta sama, ka mayar da shi da zarar ka gama. A digiri 20 ƙasa da sifili ake ajiye shi, cikin giliserol da ke hana shi daskarewa. Ka sa shi can ciki, ba a ƙofar firiza ba, in da hali a cikin akwatin sanyi da ke riƙe sanyinsa idan wuta ta tafi.

Ka zuba maikrolita 1, wato yunit 10 a irin na New England Biolabs, cikin kowane tiyub da aka ware wa enzayim, sauran kuma ka zuba musu ruwa maikrolita 1. Giliserol yana da nauyi, yakan kwanta a ƙasa, don haka ka gauraya da fifet a hankali. Sai digiri 37 na minti 15.

Ka riƙe lambobin nan biyu da muhimmanci. T7E1 ba mai tsantseni ba ne ƙwarai. Idan ya daɗe, ko ya yi yawa, zai fara tsattsaga DNA mai lafiya. Sama da digiri 42 kuma wannan ɓarnar tasa tana ƙaruwa. Saboda haka ka yi wannan mataki a cikin injin PCR, ba a tukunyar ruwan ɗumi da ba ka auna da ma'aunin zafi ba, musamman a ɗakin da shi kansa ya kusa kai wa 40. Ka sa agogo. Idan karon farko ne da sabon guntu, yana da kyau ka gwada rabin enzayim da cikakke, ko minti 15 da 30, a kan shaidunka, ka ga inda gutsure ke fitowa sarai ba tare da babban layin ya fara narkewa ba.

Da lokaci ya cika ka tsayar da shi. Zafi ba abin dogaro ba ne wajen kashe wannan enzayim. Ana zuba maikrolita 1.5 na EDTA mai ƙarfin mola 0.25, wanda ke kame magniziyam ɗin da enzayim ke bukata. Wasu kuma na zuba maikrolita 1 na Proteinase K su bar shi minti 5 a digiri 37. Na fi son ta biyun, domin T7E1 yakan manne wa DNA ya rage masa gudu a jel, layuka su yi jirwaye. Proteinase K yana cinye shi gaba ɗaya.

Mataki na biyar: jel

Agaros kashi 2 cikin 100, wato giram 2 a mililita 100 na TBE ko TAE. Ka jera kowane samfur kusa da ɗan'uwansa mara enzayim, ka zuba duka adadi ɗaya, da tsanin harufa 100 a gefe. Ka gudanar a kusan bolt 100 na minti 40 zuwa 60. Idan ɗakin da zafi ka rage bolt ka ƙara lokaci, don jel mai zafi yana karkatar da layuka. Idan da etidiyam buromaid kake rini, safar hannu dole ce, haka ma kariyar ido daga hasken UV.

Wajen ɗaukar hoto kada ka buɗe haske har babban layin ya ƙone ya yi fari fat, domin lissafin da ke tafe zai lalace. Ka ɗauki hoto biyu, ɗaya mai matsakaicin haske don awo, ɗaya mai ƙarfi don ganin raunanan layuka, ka ajiye su a TIFF.

Jel mai kyau zai nuna layi ɗaya a 800 a duk tiyub mara enzayim, layi ɗaya a shaidar ƙwayoyin da ba a taɓa ba, sannan a samfurinka 800 ya ɗan rage haske, 500 da 300 sun fito. Wani lokaci za ka ga wani layi sama da 800 har a tiyub mara enzayim. Sau da yawa haɗin gambizar ne da kansa, mai babban tudu, yake tafiyar hawainiya. In ya ɓace bayan an sa enzayim, albishir ne.

Lissafi, da inda yake yaudara

Ka buɗe hoton a manhajar ImageJ, wadda kyauta ce, ka auna hasken layukan uku bayan ka cire hasken bango. Ka tara na gutsuren biyu, ka raba da jimillar ukun. Wannan shi ne kason da ya yanke. Misali, babban layi 640, gutsure 220 da 140: 360 a raba da 1,000, ya ba da 0.36.

Kason da ya yanke ba shi ne kason da aka sauya ba, tunda kowane zare da aka sauya yana iya jawo zaren asali cikin haɗin gambiza. Ka cire 0.36 daga 1, saura 0.64. Ka nemi tushen murabba'insa, 0.8. Ka cire shi daga 1, saura 0.2. Wato kusan kashi 20 cikin 100 na kwafin an sauya su.

Wannan lissafi ya ginu ne a kan zato biyu: cewa kowane sauyi ya bambanta da ɗan'uwansa, da cewa enzayim yana yanke kowane haɗin gambiza. Duka biyun ba su cika tabbata ba. Jagorori da yawa suna da sauyi ɗaya da suka fi haifarwa. Ka ɗauka kashi 90 na kwafin duk sun samu sauyi iri ɗaya sak. Zaren da aka sauya zai fi haɗuwa da irinsa, su dace tsaf, babu tudu. Haɗin gambiza zai zama 2 sau 0.9 sau 0.1, wato 0.18 kacal, lissafin kuma ya ce maka kusan kashi 9. Ga jagora da ya kusa gama aiki duka, amma jel na nuna shi a matsayin rago. Daidai wannan lambar za ka samu da a ce kashi 10 kawai aka sauya.

Ƙari a kan haka, T7E1 ya fi ganin tudun harufa biyu zuwa sama. Ƙarin harafi ɗaya, wanda yana cikin abubuwan da Cas9 ya fi haifarwa, sau da yawa yakan wuce shi. Wani bincike da aka buga a Scientific Reports a 2018 ya kwatanta T7E1 da zurfin karatun jerin harufa a kan jagorori da dama, ya kuma tarar cewa T7E1 yana rage ƙimar jagorori masu ƙarfi sosai, har waɗanda suka sha bamban su fito kamar ɗaya. Don haka kada ka yar da jagora saboda ya nuna 25 wani ya nuna 30. Abin da za ka iya cewa da gaba gaɗi shi ne wannan yana yanka, wancan ba a ga alamarsa ba. Ƙasa da kashi 5 kuwa, a jel ɗin agaros, da wuya ido ya raba shi da hazo.

Idan kulon guda kake tantancewa

Wanda ya ware ƙwayar halitta ɗaya ya raine ta har ta yi yawa, abin da ake kira kulon, yana da wani tarko a gabansa. Idan kwafinta biyu duk sun samu sauyi iri ɗaya, ba za ta yanke ba, za ta yi kama da wadda ba a taɓa ba, alhali ita ce wadda ake nema ruwa a jallo. Maganin shi ne kowane kulon a gwada shi sau biyu: shi kaɗai, sannan a gauraye da DNA na asali, nanogiram 100 da 100, kafin dafawa. Wanda ya ƙi yankewa shi kaɗai amma ya yanke a gauraye, kwafinsa biyu sun sauya iri ɗaya. Wanda ya yanke shi kaɗai, kwafinsa sun bambanta da juna, ko dai ɗaya na asali ne, ko kowanne da irin nasa sauyin. Wanda ya ƙi yankewa a duka biyun, mai yiwuwa ba a taɓa shi ba, ko kuma sauyin harafi ɗaya ne da enzayim bai gani ba.

Inda bai kamata a kira shi ba

Musanyar harafi ɗaya da wani ba fagensa ba ne. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne sikila: a ƙwayar gadon HBB, GAG ya koma GTG, harafi ɗaya tal. Haɗin gambizar zaren asali da zaren sikila ba ya yin tudu, A ce kawai ke fuskantar A, ko T ke fuskantar T, kuma T7E1 ba abin dogaro ba ne a nan. Mai son bin wannan sauyi a ɗakin bincike ya fi masa ya yi amfani da DdeI, wanda ke yanka CTGAG na asali amma ba ya yanka CTGTG na sikila, ko ya karanta jerin kai tsaye. Haka duk mai aiki da editocin harafi, masu musanya harafi ɗaya da wani, waɗanda ɗakin binciken David Liu ya fara fitarwa a 2016. Enzayim ɗin Surveyor, na dangin CEL da aka samo daga ganyen seleri, ya fi T7E1 ganin musanyar harafi ɗaya, ko da yake shi kuma T7E1 ya fi shi a wajen ragi.

Idan gwajin ya nuna maka jagorori biyu ko uku da ke yanka, ragowar guntun PCR ɗin da ka tsarkake shi za ka aika karatun jerin harufa na Sanger, tare da na ƙwayoyin da ba a taɓa ba. Fayilolin da za su dawo ka sa su a manhajar TIDE, wadda aka fitar a 2014 daga cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar Holan, ko a ICE, wadda kamfanin Synthego ya ƙirƙiro. Za su ba ka kason sauyi da irin kowane indel, har da ƙarin harafi ɗayan nan da jel ya ɓoye. Firaimar karatun ta zauna kamar harufa 200 kafin wurin yankan, don a samu tsaftataccen jeri na kwatance kafin harufan su fara hawa kan juna. Saboda haka tun ranar PCR ka ware maikrolita 10 na kowane samfur, ka rubuta masa suna da kwanan wata, ka sa a firiza.